Yadda Ake Gano Abin da Ɓoyayyen Ƙulli Ya Koya a Ragar Jijiyoyin Kwamfuta

Tsakanin inda hoto ke shiga raga da inda amsa ke fita akwai dubban ƙulle-ƙulle, hawa-hawa. Ba wanda ya raba musu aiki, a wajen horo kowanne ya tsinci nasa. Abin da ƙulli ke fitarwa lamba ce kawai: ta haura idan ya ga abin da yake nema, ta sauka idan bai gani ba.

Fara da zaɓar hawa ɗaya da ƙulli ɗaya. Hawan farko bai da wuya, domin idan ka zana nauyin da ya koya za ka ga layuka masu karkata iri-iri da curin launuka, kamar yadda aka gani a ragar AlexNet a 2012. Aikin yana can ciki.

Sai ka tura wa ragar hotunan da ba a horar da ita da su ba, misali guda 50,000 na gwaji daga taskar hotuna ta ImageNet, kana rubuta lambar da ƙullin ya bayar kan kowanne. Jera su, ka zuba ido kan waɗanda suka fi tayar da shi. Kada ka yi saurin raɗa masa suna. Ɗauki hoto ɗaya, ka riƙa rufe sassansa da ɗan murabba'i ruwan toka, kana lura da inda lambar ke faɗuwa. A aikin Matthew Zeiler da Rob Fergus na 2013, akwai wani ƙulli a hawa na biyar da hotunansa ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Ashe ciyawar da ke bayan hoton yake kallo.

Daga nan ka gangara tsakiyar jerin, inda mutane da yawa ke ƙyuyar dubawa. Ƙulli ɗaya na iya ɗaukar aiki biyu ko uku. Chris Olah da abokan aikinsa sun nuna wani a ragar InceptionV1 da ke amsa wa fuskar kyanwa, da ƙafafunta, da kuma gaban mota.

Yanzu rubuta hasashenka a takarda kafin gwaji, sannan ka sa hannu a ragar. A ganina wannan matakin ne ya fi sauran nauyi, don kallo kaɗai ba ya nuna ko ragar na amfani da ƙullin. Mayar da lambarsa sifili, ka ga wace amsa ta lalace. Ko ka ɗaga ta da gangan. A 2017 masu bincike a OpenAI sun samu, a wata raga mai sarrafa rubutu, ƙulli ɗaya cikin 4,096 da ke bin yabo da suka a ra'ayoyin masu sayayya a Amazon. Da suka kafe lambarsa a ɓangaren yabo, ragar ta rubuta yabo, da suka juya ta, ta koma suka.

Idan ka kashe naka ƙullin amsa ba ta motsa ba, wataƙila wasu na taya shi aikin. Nemo waɗanda ke tashi tare da shi, ka kashe su gaba ɗaya, ka sake aunawa.