Hular Ƙarfe a Bakin Jikana

'Yata, na ji yadda muryarki ta yi sanyi da kike gaya mini likita ya ce a sa wa maigidana hular ƙarfe a turminsa da ya yi kogo. Kin ce kina tsoron ya buɗe baki a makaranta yara su yi masa dariya, gara a sa masa fara. Zo ki zauna kusa da ni.

Kada ki saurari masu cewa ai haƙorin nono ne, a bar shi zai faɗi. Na gaba ne ake famfararsu da wuri, wajen shekara 6 zuwa 7. Turame kuwa sai yaro ya kai 10 zuwa 12, kuma su ne ke riƙe wa masu fitowa gurbi. Yaron nan shekararsa 4. Na gan shi ranar suna yana tauna tsire ta gefe ɗaya, hannunsa a kunci.

Hular ƙarfen nan tun wajajen 1950 likitocin yara ke amfani da ita. Siririya ce, ana lanƙwasa bakinta ta kama haƙori gam. Wata likita a Sikotland, Norna Hall, ta ma fito da hanyar kifa ta kan haƙorin ba allura ba gurzawa, muddin ruɓar ba ta taɓa jijiya ba. Ƙwayoyin cutar sai su rasa abinci, kogon ya tsaya. Farar, ta zirkoniya, kyakkyawa ce, amma ba ta lanƙwasuwa, dole a ƙara gurje haƙorin kafin ta shiga. Yaro zai daɗe a kujera, kuɗinta kuma ya fi yawa. Da haƙorin gaba ne, da ni ma farar zan ce. Turmi can ciki yake, aikinsa niƙa.

Abu ɗaya ki gaya wa likita: ƙarfen akwai nikel a ciki, in fatarsa na yin ƙuraje da kan bel ko agogo, ya sani.

Batun dariya kuwa, ki nuna masa haƙorin Makka na bakina, ki ce ya yi irin na kakarsa. Ki daina ba shi shayi mai sukari in zai kwanta, ki riƙa goge masa baki da kanki safe da dare. Ranar da za a sa, ki biyo ta nan mu tafi tare, ni zan riƙe masa hannu.