YADDA AKE ƘERA SANDAR ƘARFE TA ƊAGA KAYA A BAYAN TARAKTA

Manoman fadamar Rima, daga Goronyo zuwa Wurno, sun san wahalar loda kaya. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984 noman rani ya ƙaru, kaya masu nauyi kuma suka yawaita: injin ban ruwa, buhunan taki, shanshera da albasa. Ɗaga su da hannu yakan jawo ciwon baya da karaya.

A manyan sito akwai injin ɗaukar kaya mai yatsu biyu, wanda akan zura wa sandar ƙarfe mai ƙugiya. Ƙungiyar manoma mai tarakta tana iya samun irin wannan sanda a wurin mai walda na gari, a ɗaura ta a hannuwa ukun nan na baya da ke ɗaga garma.

KAYAN AIKI

1. Bututun ƙarfe mai faɗin inci 3, kaurin jikinsa kwatan inci, tsawonsa kada ya wuce mita 2.
2. Ƙarfe mai kauri na yin gindi da tokara.
3. Ƙugiya ta saye mai marfi, da sarƙa mai lafiya.
4. Fil uku daidai da ramukan hannuwan tarakta, kowane da makullinsa.

Kada a yi amfani da bututun ruwa, ko ƙarfen da tsatsa ta ci. Kada a lanƙwasa rodin gini a ce an yi ƙugiya, yakan buɗe ba shiri.

YADDA AKE HAƊAWA

A fara ƙera gindi mai kusurwa uku. Kusurwa biyu na ƙasa su shiga hannuwan ƙasa, ta sama ta shiga hannun sama. A haɗa gindin sandar da shi, bakinta ya ɗan dubi sama. Daga nan a sa tokara daga ƙasan gindi zuwa tsakiyar sanda. A ƙarshe a liƙa farantin ƙarfe mai rami a bakin sanda don rataya ƙugiya. Walda ta zagaye kowace mahaɗa, ba ɗigo ɗigo ba.

TSAWO DA NAUYI

Nan ne manomi zai buɗe kunne. Iyakar nisan kaya daga tarakta, iyakar ƙaruwar wahalar sanda. Kilo 200 a nisan mita 2 daidai yake da kilo 400 a nisan mita 1. In an ƙara wa sanda tsawo, ko dai ta lanƙwashe, ko gaban tarakta ya tashi sama, sitiyari ya daina aiki. Saboda haka kada kaya su wuce kilo 200, wato buhu 4 na taki mai kilo 50. A rubuta wannan adadi da fenti a jikin sanda.

GWAJI

Kafin a fara aiki, a rataya buhu 5, a ɗaga su taƙi ɗaya daga ƙasa, kowa ya ja baya. Bayan minti 10 a sauke, a duba walda. In an ga tsaga ko lanƙwasa, a mayar wa mai walda.

ABUBUWAN KIYAYEWA

- Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin kaya. A kori yara daga wurin.
- A ɗaga kaya a tsaye, a kan ƙasa mai tauri, ba a gaɓar kogi ko kan kunyar ruwa ba.
- A yi tafiya sannu, kaya kusa da ƙasa.
- Kada a ja mota ko kututture da sandar, tarakta tana iya kifewa ta baya.
- A duba fil da sarƙa kowace safiya.

Rigakafi ya fi magani. Don ƙarin bayani sai a tuntuɓi malamin gona na yankinku.