Baƙon da ke ratsa jikinka

Ɗan'uwa mai karatu, ɗaga babban yatsanka ka dubi akaifarka. Kafin ka ce « ɗaya », waɗansu ƴan ƙananan abubuwa fiye da miliyar 60 sun ratsa ta sun wuce. Ba ka ji komi ba, ko ba haka ba ? Sunansu nutirino. Galibinsu daga cikin cikin rana suke fitowa. Tafiyar minti 8 ke kawo su gare mu.

Nutirino ba ya jin bango, ba ya jin dutse. Ko da dare bai bar ka ba : sai ya ratsa duniya duka, ya ɓullo ta ƙarƙashin tabarmarka. Kada ka ji tsoro, ba ya cuta.

To, abin da ke ratsa dutse, da wane tarko za a kama shi ?

A ƙasar Japon, masana sun shiga wani ramin haƙar ma'adini, metir 1000 ƙarƙashin dutse. Can suka gina wata makekiyar randa ta ƙarfe, tsawonta ya ɗara metir 40. Sunanta Super-Kamiokande, ta fara aiki a 1996. Ruwanta tatacce ne, tan 50.000. In ka auna da tano mai litir 200, tano 250.000 ke nan ! A jikin randar, daga ciki, an jera idanun gilashi wajen 11.000, kowane faɗinsa rabin metir.

Don mi aka tafi ƙarƙashin dutse ? Don dutsen ya zama rariya. Yana tare sauran abubuwan da ke zubowa daga sama, nutirino ya wuce abinsa.

Cikin randar duhu ne ƙirin. Jefi-jefi, nutirino guda yakan yi karo da wani ɗan ɓurɓushi na ruwan. Sai wani ɗan haske shuɗi ya gilma. Idanun su gani, kwamfuta ta rubuta. Duk yawan nan nasu, waɗanda ake kamawa a yini ba su wuce ƴan gomomi ba. Aikin na masu haƙuri ne ƙwarai. A 2001, ido guda ya fashe cikin ruwa, ƙarfin fashewar ya bi sauran, fiye da rabinsu suka tarwatse. Aka sake gyara, aka ci gaba.

Mi aka samu ? Babu mai iya leƙa cikin rana, amma nutirino daga can yake, shi ke ba da labarin yadda wutarta take ci. Kuma a 1998 randar ta nuna nutirino yana sauya kama a kan hanya. Wannan na nufin yana da ɗan nauyi, alhali da masana da yawa sun ɗauka ba shi da ko kaɗan. Don wannan aiki aka ba Takaaki Kajita kyautar Nobel a 2015, tare da Arthur McDonald na Kanada.

Da nutirinon da suka tara, masanan sun haɗa hoton rana. Waɗansu daga ciki da dare aka kama su, lokacin da rana take bayan duniya.