Katafilar da ke tsaye: yadda za mu kusance ta lafiya

Da rani ya shiga, manyan motocin aiki sukan iso ƙauyukanmu: gireda mai gyaran hanya, katafila mai haƙa, tifa, da motar haƙa rijiyar burtsatse. Muna murna da zuwansu. Amma a wuraren da muke aiki mun sha ganin yara suna wasa a ƙarƙashinsu da rana, masu talla kuma suna zaune a inuwar taya. Mutane suna tsoron motar da ke tafiya, amma wadda ke tsaye ba a ɗauke ta a bakin kome ba. Wannan darasi a kan wadda ke tsaye ne.

Ina haɗarin yake?

Matsakaiciyar katafila mai haƙa tana da nauyin tan 20, wato buhu 200 na masara ke nan. Hannunta yana kaiwa mita 9 zuwa 10, kuma in ta juya, bayanta ma yana juyawa. Direba yana zaune can sama. Akwai wurare a baya da gefe da gindin taya waɗanda ba ya gani, ko da madubi. Ƙarar injin kuma tana hana shi jin kira.

Motar da ke tsaye tana iya motsi ta hanya uku. Direba yana iya kasancewa a ciki yana hutawa, ya tayar da ita ba tare da ya sauko ya duba ba. In an ajiye ta a gangare, tana iya gangarawa. In an bar bokitinta a sama, ƙarfin man da ke cikin bututu ne kaɗai yake riƙe da shi. Bututun ya fashe, bokitin zai faɗo, ko da injin a kashe yake.

Na'urar gargaɗi

Saboda irin wannan ne aka ƙera na'urori masu sanar da direba cewa mutum ya matso. Akwai iri uku:

• Na'urar da ma'aikaci yake ɗaurawa a riga ko hular kwano. Da ya shiga kewayen motar, sai ƙararrawa ta kaɗa a wurin direba, tasa na'urar ma ta yi ƙara ko ta girgiza.
• Na'urar da ke aika sauti ko igiyar rediyo, ta saurari dawowarsa, kamar yadda jemage yake gane hanya cikin duhu.
• Kyamara mai nuna wa direba bayan motar. Sababbin suna iya bambanta mutum da itace.

A Amurka, a shekarar 2015, an kafa dokar sa irin wannan na'ura a injinan da ke yankan kwal a ƙarƙashin ƙasa. In mahaƙi ya matso, injin yana gargaɗi. In ya ƙara matsowa, injin ya tsaya da kansa.

Kada mu dogara gare ta

Na'urar tana ceton rai, amma tana da iyaka. Iri na farko yana gane wanda ya ɗaura na'urar ne kawai. Yaron da ya bi akuyarsa ƙarƙashin motar bai ɗaura kome ba. Ƙura da laka suna rufe kyamara. Da yawa daga cikin na'urorin ba sa aiki in an kashe injin. Babu kuma wadda za ta tare bokitin da ke faɗowa. Ban da haka, yawancin motocin da ke zuwa wurinmu tsofaffi ne, ba su da ita sam. Saboda haka aikin na'urar ya dawo kanmu.

Matakai biyar

1. Mu tsaya nesa, taku 15 na babban mutum, a inda direba zai gan mu.
2. Mu ɗaga hannu mu jira ya dube mu. In ba mu ga idonsa ba, mu ɗauka shi ma bai gan mu ba.
3. Mu jira ya sauke bokiti ƙasa, ya ja birki, ya kashe injin, ya kuma yafato mu.
4. Mu zo ta gefen ƙofarsa. Kada mu bi ta baya, ko ta ƙarƙashin hannun motar, ko tsakanin mota da bango.
5. In babu kowa a ciki, babu abin da zai kai mu wurin. Ba a hawa, ba a shan inuwa.

Abin da za mu yi tare

Kafin aiki ya fara, dattawan gari da kwamitin raya ƙasa su zauna da shugaban ma'aikata. A nuna masa fili shimfiɗaɗɗe, nesa da makaranta da hanyar rijiya, inda motoci za su kwana. A roƙe shi kowace yamma a sauke bokiti, a sa waigi a taya, a cire mabuɗi, a kewaye wurin da igiya. Kowace safiya kuma direba ya zagaya motar da ƙafa, ya leƙa ƙarƙashinta kafin ya tayar. A keɓe wa masu sayar da abinci wata inuwa dabam. Malaman makarantar Lahadi su koya wa yara matakan nan ta wasan kwaikwayo, wani ya zama direba, benci ya zama katafila.

Tambayoyi don tattaunawa

• Ina manyan motoci suka kwana lokacin da suka zo garinmu? Su wa suka riƙa zuwa wurin?
• Yaranmu suna bi ta can in za su makaranta ko kiwo?
• Wa zai yi magana da ma'aikata a madadinmu in sun sake zuwa?