Farin Safote a Lambun Gida: Shukarsa da Askinsa

Jama'a, akwai wani itacen marmari da ake kira farin safote, wanda masana tsirrai suka sa wa suna Casimiroa edulis. Asalinsa daga tuddan ƙasar Meziko ne da ƙasashen Amurka ta Tsakiya, inda mutanen wurin suke cin 'ya'yansa tun kafin Turawan Sifen su isa can. Danginsu ɗaya da lemo, ko da yake wanda ya ɗanɗana shi ba zai zaci haka ba. Ɗansa ya kai girman lemon zaƙi, ɓawonsa siriri ne, kore ko ɗorawa, cikinsa kuwa fari ne mai laushi da zaƙi, ba tsami. Ganyensa a rarrabe yake, yawanci biyar a kan sanda ɗaya. Wajen shekarar 1810 waɗansu limaman Kirista suka kai shi Kalifoniya, daga baya ya bazu zuwa Fulorida da Ostareliya da Afirka ta Kudu. A ƙasar Habasha ya zama ɗan gida, suna kiransa kazmir, ana kasa shi a kasuwa.

Itacen tudu ne, mai son wuri mai ɗan sanyi da iska. Idan ya kafu yana jure fari, amma ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa, ba ya kuma jin daɗin kwari mai zafi da gumi. A ƙasashenmu, wuraren da yanayinsu ya fi kama da na mahaifarsa su ne irin tsaunukan Jos da Mambila.

Abu na farko da mai gida zai tsaya ya yi tunani a kai shi ne wurin da zai sa shi. Wannan itace, in an ƙyale shi, yana iya kai mita 15 ko fiye, saiwoyinsa kuma masu yawo ne da cin wuri. Sukan bi danshi har su shiga bututun ruwa ko ramin masai, su ɗaga daɓe, su tsaga katanga. Saboda haka a nisanta shi da gini da rijiya da katangar maƙwabci, a ba da tazarar mita 8 in da hali. Kada kuma a dasa shi a bakin ƙofa ko inda ake shimfiɗa tabarma, domin 'ya'yan da suka nuna sukan faɗo su fashe, su tara ƙuda da ɓeraye. Wanda tsakar gidansa ba ta da faɗi, gara ya haƙura ya dasa gwaba.

Ana iya shuka ƙwallonsa, amma sai an hanzarta, don ba ya daɗewa yake mutuwa bayan an cire shi daga cikin ɗan. Sai dai itacen da ya fito daga ƙwallo yakan yi shekara 7 ko 8 kafin ya haihu, kuma ba lalle ya gaji daɗin uwarsa ba. Wani ma ɗaci yake yi. Wanda aka yi wa aure, yadda ake yi wa mangwaro, yakan fara haihuwa cikin shekara 3 ko 4, kuma ka san abin da ka dasa. Akwai ire-ire sanannu kamar Suebelle da Vernon da Pike da McDill. Waɗansu ire-iren garin furensu ba shi da ƙarfi, sai da wani iri a kusa, ƙudan zuma na kai da komo tsakaninsu, sannan su yi 'ya'ya sosai. Mai saye ya tambayi mai renon dashe wannan kafin ya biya kuɗi.

Dashen kansa ba wuya. A haƙa rami mai faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a sa dashen daidai zurfin da yake a cikin leda, kada a binne wurin auren. A riƙa ba shi ruwa a kai a kai a shekarun farko, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen. A kewaye shi saboda awaki.

To, yanzu ga babbar magana, wato aski. A nan ne masu lambu da yawa suke yin sakaci, su zo suna da-na-sani bayan shekara goma.

Halin farin safote ne tun yana ƙarami ya miƙe sama sambal, sanda ɗaya tal, ba reshe. Mai gida yana ganin haka sai ya yi murna, wai itacensa na girma. Alhali in ya bar shi a haka, rassan za su fito can sama inda hannu ba ya kai, 'ya'yan kuma su riƙa faɗowa daga nesa suna ragargajewa. Maganin abin ɗan ƙarami ne. Idan dashen ya kai kamar tsawon ƙugun mutum, sai a tsinke kan tsiron da ke can ƙoli, da farce ma ya isa. Wannan zai sa idanun da ke ƙasa su farka su fid da rassa ta gefe. Daga cikinsu a zaɓi uku ko huɗu masu ƙarfi, waɗanda suka fuskanci kusurwa daban-daban kuma ba daga wuri ɗaya suka fito ba, a cire sauran. Su ma waɗannan in sun yi tsawon kamu biyu ko uku, a tsinke kansu, su sake rabuwa. Haka za a yi ta yi shekara biyu ko uku na farko. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a kan wannan itace maganar ba ta da gyara.

A lura da yadda reshe ya rabu da uwar itace. Reshen da ya tashi tsaye, ya matse da jikinta, gwafarsa ba ta da ƙwari. Farin safote kuwa mai yawan haihuwa ne, itacensa kuma mai saurin karyewa. Ranar da 'ya'ya suka yi nauyi, iska ta taso, nan ne zai tsage, ya ɗauki rabin jikin itacen ya tafi da shi. Reshen da ya buɗe sosai shi ne abin bari. Wanda ya matse, in yana ɗanye ana iya sa ɗan kara tsakani a buɗa shi, ko a ɗaura masa igiya a ja shi ƙasa kaɗan; in ya ƙi, a cire shi. Duk tohon da ya fito a ƙasan wurin aure kuwa a cire shi nan take, domin na gindin ne, in ya yi ƙarfi zai danne na kirkin.

Idan itace ya girma, aikin ya ragu. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama tsinkar 'ya'ya, a rage masa tsawo ya tsaya wajen mita 3 zuwa 4, a cire busassun rassa da masu gugar juna. A yi aiki da almakashin lambu ko zarto mai kaifi, a yanke dab da inda reshe ya fito, kada a bar kututture, kada kuma a yi ta sara da adda ana farfasa ɓawo. Ni dai ban ga amfanin askin ƙwal-kwabo da waɗansu suke yi wa itatuwa ba, balle ga wannan. Ɓawonsa ba ya jure rana. In aka kwashe ganyen da ke yi masa inuwa gaba ɗaya, rana za ta ƙona rassan, su tsattsage, ƙwari su sami ƙofa. Idan dole ta sa aka yi babban yanka, a dama farar ƙasa da ruwa a shafe jikin da ya fito fili, kuma kada a yi shi a tsakiyar zafin bazara.

Tsinka ma da ladabinta. Ba a girgiza shi, ba a jifa. Idan ɗan ya ƙosa, launinsa ya fara sauyawa amma yana da sauran tauri, a yanko shi da ɗan guntun sandarsa, a ajiye a inuwa, cikin 'yan kwanaki zai yi laushi. Duk inda ya bugu, wurin yakan yi baƙi ya yi ɗaci. Wannan rashin jure wahalar hanya shi ya sa ba a cika ganinsa a manyan kasuwannin duniya ba, shi ya sa kuma ya fi dacewa da lambun gida, inda daga reshe sai kwano.

Gargaɗi na ƙarshe ga iyaye: naman ɗan ake ci, ban da ƙwallon. Ƙwallon yana ɗauke da sinadari mai sa barci da saukar da bugun jini, yana kuma iya zama guba. A nuna wa yara wannan tun ranar da itacen ya fara haihuwa, a kuma riƙa kwashe ƙwallayen daga inda dabbobi suke kiwo.