Zuwa ga Ƙannena Masu Sha'awar Aikin Lauya

Wannan takarda taku ce, ku da ke karatun shari'a a Jami'ar Sa'adu Zungur, wadda har yanzu bakin jama'a bai daina kira jami'ar Gadau ba, ko kuna can tsangayar Misau ko kuna shirin shiga. Na san abin da ke ran yawancinku: baƙar riga, hular gashi, da tsayuwa gaban alƙali ana zuba Turanci. Ba laifi. Sai dai in shari'ar madani za ku yi, wato rigimar gona da gado da bashi da haya da kwangila, to ku sani akasarinta ana cinta ko a faɗi tun kafin a kira ƙara.

Hanyar kun san ta: shekara 5 a jami'a, shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a Bwari ko Bagauda ko Yola ko inda aka tura mutum, sannan rantsuwa da bautar ƙasa. Daga nan ne karatun gaske yake farawa. Wanda ya samu ofishin babban lauya a Azare ko Bauchi ko Kano, ya riƙe shi ko da albashin bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa bai taka ba. Za a aike ka wajen rajistara, ka bi masinjan kotu ka tabbatar sammaci ya isa hannun wanda ake ƙara, ka zauna tun safe a ɗage shari'ar cikin minti biyu. Kada ka raina. Ƙarar da ba a isar da sammacinta daidai ba, ko an yi shekaru ana tafka ta, rushewa take yi a kotun gaba.

Abu na farko da za ka tambayi kanka kullum shi ne hurumi: wace kotu ce ke da ikon sauraron wannan magana? Tun 1962, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim, aka kafa cewa hukuncin kotun da ba ta da hurumi banza ne komai kyansa. A ƙasarmu ta Katagum wannan tambaya tana da ƙaya. Mutum zai zo maka da rigimar gona daga Itas ko Gadau wadda aka yanke a kotun shari'ar Musulunci, yana so a ɗaukaka. In asalin maganar rabon gado ce tsakanin magada, ko kyauta, ko wasiyya, ko waƙafi, sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a iko. In kuwa jayayya ce zalla a kan wa ya mallaki gonar, to hanyar Babbar Kotun jiha ce. Gona ɗaya, mutane ɗaya, amma ƙofa biyu, kuma mutane da yawa sun yi asarar shekaru don lauyansu ya ƙwanƙwasa wadda ba ita ba.

Shi ya sa nake jin takaici in na ga ɗalibi yana ɗaukar fiƙihu a matsayin kwas ɗin da za a haye a manta. Lauyan da zai ci abinci a nan dole ya san littattafan Tuhfa da Muhtasar kamar yadda ya san Dokar Shaida ta 2011. Ya san hauzi: wanda ya ga bare yana noma gonarsa shekara 10, yana gari, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, da'awarsa ta yi rauni ƙwarai, sai fa in aro ne ko jingina ko haya. Ya san i'izari, tambayar nan da alƙali ke yi wa mai ƙara ko wanda ake ƙara kafin hukunci ko yana da sauran hujja, domin rashinta kaɗai ya isa a soke shari'a. A ɗaya ɓangaren kuma ya san hanyoyi 5 na tabbatar da mallakar ƙasa da Kotun Ƙoli ta jera a shari'ar Idundun da Okumagba a 1976, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Mai shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ɗan Doguwa ta Giade, wanda ya yi sakandare a Azare, ya zauna a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Bauchi kafin ya kai kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya a 2019. Sanin ɓangarorin biyu bai rage shi da komai ba.

Sannan ka je gonar da ƙafarka. Wanda ya ɗauke ka zai ce iyakarsa tsamiya ce. In ka je za ka tarar da tsamiya uku, ga gamba da aka dasa a kan iyaka ruwan fadama ya cinye rabinta. Takardar cinikin kuwa ta fito daga ƙasan adaka, an rubuta da ajami ko da biro a fallen littafin makaranta, mai unguwar da ya sa hannu ya rasu, saura shaida guda, tsoho, wanda in lauyan ɗaya ɓangaren ya matsa masa da tambaya zai ce "Allah ne masani". Zauna da shi tukuna. Ba don ka koya masa abin da zai faɗa ba, wannan haramun ne a addini da doka, sai don ka san iyakar abin da ya gani da idonsa. Kuma ka kasa kunne ga tafinta a Babbar Kotu, domin da Turanci ake rubutawa: in shaida ya ce "aro" aka rubuta kyauta, gonar ta tafi.

Ƙananan abubuwa ma suna kisa. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don an sa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya. Ƙarar jami'in gwamnati a kan aikinsa galibi cikin wata 3 ake shigar da ita. Saƙon WhatsApp da kake taƙama da shi a shari'ar bashi sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida.

Maganar kuɗi kuma, ku yi ta tun farko, a rubuce. A garin da kowa ɗan'uwan kowa ne, rabin masu zuwa wajenka za su ce "Barista, ai kai namu ne." Taimaka inda za ka iya, amma kuɗin wanda kake wakilta da ya biyo ta hannunka amana ne, ba ya kwana a aljihunka, a kan irin wannan ake cire sunan lauya daga rajista. Kuma idan wa da ƙani suka zo a kan gidan gado da bai kai kuɗin shari'ar shekara uku ba, gaya wa naka gaskiya, ka nemi lauyan ɗaya ɓangaren da dattawan gidan a zauna a yi sulhu, a rubuta, a kai kotu ta mayar da shi hukunci. Kuɗinka zai ragu a wannan karon. Amma wanda ya ci shari'a ma sai ya sake bin kotu kafin a zartar masa da hukunci, wani lokaci ya fi shekarun da ya yi yana shari'ar, kuma wannan ma ka faɗa masa tun ranar da ya fara zama a ofishinka.

Ku gaida malamanku. Wassalam.

Yayanku a wannan aiki.