Shaidar mai saye ta fi yabon mai kaya

Kowace sana'a tana da mafari. Wanda ya buɗa sabon shago, ko ya kafa tebur a bakin titi, yana da kaya, amma ba shi da suna. Mutane ba su san shi ba. Suna wucewa, su tafi wurin wanda suka saba da shi. In kwanaki suka yi yawa babu ciniki, sai jari ya narke: a ci wani, a biya haya da wani, a rufe shago. To, yaya sabon mai sana'a zai yi a san shi tun jarinsa bai ƙare ba?

Akwai talla iri-iri. Ƴar talla tana yawo da tire a ka, tana kiran sunan kayanta. Dillaliya tana shiga gida-gida da zannuwa. Wani yakan biya maroƙi ya yabe shi ranar kasuwa. Duk waɗannan suna da amfani. Amma mai saye ya san ƴar talla so take ta sayar, dillaliya tana jiran la'ada, maroƙi kuwa an biya shi. Shi mai kaya, in ya ce kayansa sun fi na kowa, sai a tuna masa cewa yabon kai jahilci.

Akwai maganar da ta fi waɗannan duka nauyi. Ita ce maganar wanda ya fidda kuɗinsa ya saya, ya yi amfani da abin, ya ga kyansa. Wannan magana ita ake kira shaidar mai saye. Ana yarda da ita don mai yin ta ba ya samun kome in an saya, kuma in ya yi ƙarya zai ji kunya gaban ƴan'uwansa.

Ku dubi albasar Galmi. Galmi gari ne cikin jihar Tawa, kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa. Ana loda albasarta a manyan motoci, ana kai ta Kwatano, da Lome, da Kumasi, da Abijan. Matan da ke saye a can yawancinsu ba su taɓa ganin Galmi ba. Sun dafa albasar, sun ji ƙamshinta, sun ga tana jimawa a ajiye, sai wannan ta gaya wa waccan. Haka fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna, haka tukwanen Mirya. Bakin masu saye ne ya kai sunansu nesa.

Misalin sabon tela

A ce wani saurayi ya gama koyon ɗinki. Ya karɓi bashi wurin kawunsa, ya sayi keken ɗinki, ya kama ɗan shago. Ga salla ta matso. Me zai yi?

Na farko, sai ya gyara aikinsa. Shaida ba ta zuwa sai aiki ya yi kyau. Mutum uku na farko da suka kawo masa yadi, su ne tushen sana'arsa. Ya auna su da kyau, ya rubuta awon a kaye, ya maida musu ragowar yadinsu. In ya ce Alhamis, to, Alhamis ɗin.

Na biyu, sai ya tambaya. In mai riga ya zo karɓa, tela ya ce: «Baba, a gwada mu gani. In akwai inda bai yi ba, a faɗa mini in gyara.» In an nuna masa kuskure, ya gyara ba tare da karɓar ko dala ba. Sau da yawa wanda aka gyara wa aiki da fara'a ya fi kowa ba da shaida.

Na uku, sai ya nemi izini. In dattijon ya ji daɗin rigarsa, tela ya ce: «Baba, in wani ya tambaya, ko na iya cewa ni na ɗinka muku?» In ya yarda, madalla. In bai yarda ba, a bar shi. Ba a ambaton sunan mutum, ko a nuna hotonsa, ko a baza muryarsa sai da yardarsa. Wannan ya fi ƙarfi a kan matan aure da yara ƙanana.

Wace shaida ce mai amfani?

Ku saurari waɗannan maganganu biyu. Wani ya ce: «Telan nan gwani ne.» Wani kuma ya ce: «Na kai masa yadi saura kwana goma salla. Ya ce in dawo Alhamis. Na dawo, na tarar ya gama, har ya maido mini ragowar yadi.» Ta biyun ta fi, don ta faɗi abin da ya faru, kuma ta amsa tsoron da mutane ke yi: tela mai saɓa alkawali, da tela mai cin yadi. Shaida mai kyau gajera ce, tana faɗin abu takamaimai, kuma daga bakin wanda aka sani take fitowa.

Ina ake kai shaida?

Wurin farko shi ne jikin mai saye. Rigar da aka sa ranar idi, kowa na ganinta, kuma gani ya kori ji. Bayan wannan sai wuraren taruwa: fada, gidan biki, gidan suna, wurin adashi. Tela na iya liƙa hotunan ɗinkinsa a shago. A shekarar 1999 aka buɗa radiyon karkara na farko a Bankilare, daga baya irinsa suka yaɗu cikin ƙasa, ana ba da sanarwa cikinsu da harsunan gida. Ga kuma salula: mai saye yakan ɗauki muryarsa ya aika ta WhatsApp, ko wanda bai iya karatu ba ya saurara.

A kiyayi shaidar ƙarya

Wani mai sana'a yakan sa abokansa su yabi kayan da ba su taɓa saye ba. Wani yakan nuna hoton ɗinkin wani tela, ya ce nasa ne. Wannan ha'inci ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da mutum ɗaya ya gane, unguwa duka ta ji. Bakin da ke kai yabo shi ke kai zargi, kuma zargi ya fi saurin tafiya. Suna in ya ɓaci, gyaransa ya fi tara jari wuya.

Ma'anar kalmomi

Jari: kuɗi ko kayan da ake fara sana'a da su.
La'ada: abin da ake ba dillali in ciniki ya faɗa.
Takamaimai: abin da aka faɗa sarai, ba a dunƙule ba.
Ha'inci: cutar mutum ta hanyar ɓoye masa gaskiya.

Tambayoyi

1. Me ya sa sabon mai sana'a ke rasa masu saye?
2. Mene ne bambanci tsakanin yabon maroƙi da shaidar mai saye?
3. Faɗi abubuwa uku da sabon tela ya kamata ya yi.
4. Don me ake neman izini kafin a ambaci sunan mai saye?

Lissafi

Mutum 3 sun kawo wa tela ɗinki. Kowanensu ya kawo masa mutum 2. Ladan ɗinkin kowace riga dala 400 ne. Mutum nawa ya yi wa ɗinki gaba ɗaya? Dala nawa ya samu? Jika nawa ke nan, tun da jika 1 dala 200 ce?

Aikin gida

Ku tambayi iyayenku wurin wa suke sayen mai ko nama, kuma wa ya fara nuna musu shi. Ku rubuta amsar cikin layi biyar.

Abin riƙewa

Sabon mai sana'a ya gyara aikinsa, ya cika alkawali, ya nemi shaida ta gaskiya da izinin mai ita.